Tambayoyi da amsoshi kan tarukan homotofi da aikin rukuni a Cibiyar Newton

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban lissafi masu neman digiri na biyu da na uku, da malaman jami'a da ba su daɗe da fara aiki ba, suke yawan yi idan suka ci karo da sanarwar taro a kan homotofi da aikin rukuni. An fara da masu sauƙi, sannan aka gangara zuwa masu nauyi.

Wane taro ake nufi, kuma a ina ake yin sa?

Cibiyar Isaac Newton ta binciken lissafi tana birnin Kambirij a Ingila. An buɗe ta a 1992, kuma Michael Atiyah ne daraktanta na farko. Ba ta da ɗalibai, ba ta yin jarrabawa. Abin da take yi shi ne ta ware watanni, sau da yawa huɗu zuwa shida, ga fanni ɗaya, ta gayyato masanansa daga ko'ina su zauna tare, sannan a cikin watannin a riƙa shirya taruka na mako guda. Shirye-shirye biyu ne suka fi shafar maganarmu. Na farko shi ne Homotopy Harnessing Higher Structures, a rabin ƙarshe na 2018, wanda a cikinsa aka ware mako guda a watan Agusta ga homotofi mai aikin rukuni. Na biyu shi ne Equivariant Homotopy Theory in Context, a rabin farko na 2025, wanda aka gina shi kacokan a kan wannan fanni.

Ginin kansa an yi shi ne don mutane su yi ta gardama da alli a hannu. Akwai allo a zaure, akwai a cikin lif, har banɗaki ba a bari ba. A nan ne Andrew Wiles ya sanar da hujjarsa ta matsalar Fermat a watan Yunin 1993. Ulrike Tillmann, wadda ta karɓi shugabancin cibiyar a 2021, ita ma masaniyar tofoloji ce, wato reshen lissafi mai nazarin siffofi, wanda homotofi yake cikinsa.

Sai wanda aka gayyata ne yake zuwa?

Zama na dogon lokaci, na makonni ko watanni, galibi da gayyata ne. Tarukan mako guda kuwa ana buɗe su ga mai nema: a cike fom a shafin cibiyar kafin ranar rufewa, masu shirya taron su tace. Ɗalibin digiri na uku yana iya nema, kuma ana son ganin irinsa. Abin da yake kayar da mutane shi ne bayanin da ya zama na kowa da kowa, irin su "ina sha'awar tofoloji". Wanda ya rubuta cewa yana ƙoƙarin lissafa kohomolojin wani rukuni takamaimai kuma ya maƙale a wuri kaza ya fi shi samun shiga nesa ba kusa ba. Maganar kuɗi da biza tana da tata amsar a ƙasa.

Mene ne homotofi, a taƙaice?

Hanya ce ta kallon siffofi inda ba a damu da tsawo ko faɗi ba. Idan za a iya lanƙwasa siffa, a miƙe ta ko a matse ta sannu a hankali har ta koma wata, ba tare da an yaga ko an liƙa ba, to a idon homotofi abu ɗaya ne. Faifai cikakke yana matsuwa har ya koma ɗigo guda. Da'ira ba ta yin haka, saboda ramin da ke tsakiyarta. Henri Poincaré ne ya fara maƙala wa kowace siffa rukunin aljabra mai ƙirga irin waɗannan ramuka a 1895, sannan Witold Hurewicz ya faɗaɗa abin zuwa manyan daimenshan a 1935.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙwallo, wato fatar ƙwallo kawai ba cikinta ba. A 1931 Heinz Hopf ya gano cewa ana iya naɗe ƙwallo mai daimenshan 3 a kan mai daimenshan 2 ta hanyar da ba ta warwaruwa, abin da ba a yi tsammani ba. Tun daga nan lissafa dukan hanyoyin naɗe ƙwallo a kan ƙwallo ya zama babbar matsalar fannin. A ɓangaren da ake kira tsayayye, inda amsar ta dogara kawai ga ratar da ke tsakanin daimenshan ɗin ƙwallayen biyu, rata 1 tana ba da rukuni mai mamba 2, rata 3 mai mamba 24, rata 7 mai mamba 240. Daniel Isaksen da Guozhen Wang da Zhouli Xu sun tura lissafin har wajen rata 90. Babu wanda yake da dabara guda da za ta ba da amsa ga kowace rata.

To shi aikin rukuni fa?

Rukuni a nan tarin motsi ne da ake iya haɗawa, a kuma iya warwarewa. Rukuni yana aiki a kan siffa idan kowane mambansa yana motsa ɗigogin siffar ta yadda haɗa motsi biyu ya dace da dokar rukunin. Ɗauki faifan da ake rufe ƙwarya da shi, ka juya shi rabin zagaye. Ka sake juyawa, ya koma yadda yake. Wannan aikin rukuni ne mai mamba 2. Kowane ɗigo ya tashi daga wurinsa in ban da cibiyar faifan. Irin wannan ɗigo shi ne kafaffen ɗigo, kuma kusan duk abin da za ka ji a taron yana komawa gare shi.

Idan babu wani mamba, ban da wanda ba ya motsa komai, da ya bar ko ɗigo ɗaya a wurinsa, ana cewa aikin 'yantacce ne. Misali, a kai kowane ɗigo na ƙwallo zuwa wanda yake daura da shi ta ɗaya gefen.

Me ya sa ba a raba su, kowa ya yi taronsa?

Saboda da zarar rukuni ya shigo, ma'anar "abu ɗaya ne" ta canza. Ga misalin da ya kamata kowa ya riƙe kafin ya shiga ɗakin lacca. Ƙwallo mai daimenshan mara iyaka tana matsuwa ta koma ɗigo, ba kamar ƙwallayen da muka saba ba. A homotofi na yau da kullum ke nan ita da ɗigo ɗaya suke. Amma a sa mata aikin kai ɗigo zuwa kishiyarsa: ba ta da kafaffen ɗigo ko ɗaya, shi kuwa ɗigo tilo kafaffe ne. Ba yadda za a yi a ɗauke su abu ɗaya matuƙar ana mutunta aikin rukunin.

Daga nan aka fahimci cewa dole a duba siffar gaba ɗaya, a kuma duba kafaffun ɗigogin kowane ƙaramin rukuni da ke cikin babban. Glen Bredon ya gina kohomoloji, wato wani ma'aunin aljabra na ramukan siffa, da ke lura da wannan a 1967. A 1983 Anthony Elmendorf ya tabbatar da cewa wannan bayani ya wadatar: wanda ya san kafaffun ɗigogin kowane ƙaramin rukuni da yadda suke shiga juna, ya san siffar da aikinta a idon homotofi. Akwai wata hanya mai sauƙi da ta girme ta, ta Armand Borel, wadda ba ta bambanta ƙwallon nan da ɗigo. Idan ka ji mai lacca ya tsaya yana fayyace ko ta Borel yake magana ko ta ainihi, wannan bambancin yake nufi.

Ina aljabra ta shigo?

Burin shi ne a maye gurbin siffa, wadda ba a iya riƙe ta a hannu, da abin da ake iya lissafawa a takarda. Misali mafi kyau shi ne naɗe ƙwallo a kan wata mai daimenshan iri ɗaya. Idan babu rukuni, lamba ɗaya ce take bayyana komai, wato sau nawa aka naɗe. Idan rukuni mai mamba 2 yana aiki, sai lambobin su zama biyu: lambar naɗin ƙwallon duka, da lambar naɗin sashen da yake kafaffe. Kuma ba kowace biyu ake samu ba. Ko dai duka su zama cika, ko duka su zama mara. Graeme Segal ya nuna cewa ga kowane rukuni mai iyaka, a ɓangaren tsayayye, amsar ita ce abin da ake kira zoben Burnside, wanda ake gina shi daga ƙirga hanyoyin da rukunin yake jujjuya tarin abubuwa masu iyaka. Tambaya ta tofoloji ta koma ƙirge.

Yanzu a lura da sharaɗin cika da mara. Idan aka yarda a raba lamba da 2, sharaɗin ya mutu, lambobin biyu kowace ta kama gabanta. Wannan shi ne sirrin da ya sa homotofi a kan lambobi masu kaso yake da sauƙi. Jean-Pierre Serre ya nuna a farkon shekarun 1950 cewa kusan dukan rukunonin homotofin ƙwallo masu iyaka ne, don haka suna ɓacewa idan an halatta rabawa. Daniel Quillen a 1969 da Dennis Sullivan a shekarun 1970 suka gina cikakken samfurin aljabra na abin da ya rage. A ɓangaren aikin rukuni, John Greenlees ya yi hasashen cewa kowane rukunin Lie mai rufaffen jiki, wato rukunin motsi mai santsi irin juye-juyen da'ira ko ƙwallo, yana da irin wannan samfuri. Shi da kansa ya yi na da'ira a 1999, shi da Brooke Shipley suka yi na torus, wato haɗin da'irori, a 2018, David Barnes ya yi na O(2), rukunin juye-juye da kife-kifen da'ira, Magdalena Kędziorek ta yi na SO(3), rukunin juye-juyen ƙwallo.

A nawa ganin, wannan ce ainihin maganar da take ƙarƙashin laccocin mako ɗin: a ina samfurin aljabra yake kama komai, a ina kuma wani abu yake zillewa. Duba tambayar "Aljabra tana iya yaudarar mutum?" don ganin inda ya zille.

Me ya kamata in sani kafin in je?

Rukunin farko na Poincaré, homoloji da kohomoloji, da siffofin da ake ginawa daga sel-sel. Littafin Allen Hatcher na tofolojin aljabra yana kyauta a shafinsa, kuma babinsa na ƙarshe a kan homotofi yake. Daga aljabra, wakilcin rukunoni masu iyaka da ɗan harshen kategori. Bayan haka sai sanin mene ne sifektiram, wato abin da yake maye gurbin siffa a ɓangaren tsayayye, ko da sama-sama ne, domin yawancin laccocin a wannan duniyar suke.

Amma idan lokaci ya ƙure, a bar yawon karatu a zauna a kan rukuni mai mamba 2. A lissafa zoben Burnside ɗinsa da hannu, a san ƙwallayen da ake samu daga wakilcinsa guda biyu, a iya bayyana misalin ƙwallo mara iyaka da ke sama ba tare da duba takarda ba. Duk tiyorem ɗin da aka rubuta a allo, sai ka tambayi kanka me yake cewa a wannan rukuni. Wanda ya iya wannan ya fi wanda ya haddace sunayen ka'idoji ashirin cin moriyar taron.

Idan na zauna ban gane komai ba fa?

Haka zai faru a wasu laccocin, kuma farfesan da ke gefenka ma haka yake faruwa da shi idan an fita daga lungunsa. Lacca takan ɗauki kusan awa guda. Mintunan farko na kowa ne, inda ake faɗin matsalar da dalilinta. Ƙarshen kuwa na mutum biyar ne ko shida a ɗakin. Abin da za ka fita da shi daga kowace lacca bai wuce uku ba: wace tambaya ake yi, wane misali ne mafi ƙanƙanta, wane tsohon sakamako aka dogara da shi.

Lokacin shan shayi ya fi laccar kanta amfani ga baƙo. A nan ne za ka iya tare mai laccar ka ce ya nuna maka abin a rukuni mai mamba 2. Al'adar wurin ta kiran manyan malamai da sunansu na yanka takan yi wa wanda ya taso a gidan da ba a haka nauyi a baki. Ba raini ba ne a wurinsu, kuma idan ka ce Farfesa ba wanda zai ga laifinka.

Wa zai biya kuɗin tafiya, kuma yaya maganar biza?

Fom ɗin neman shiga taro yakan ba da damar neman tallafi, musamman ga ɗalibai da masu sabon digiri na uku, amma kada a ɗauka zai biya tikitin jirgi daga Kano ko Yamai. Malamin jami'ar gwamnati a Najeriya yana iya neman tallafin halartar taro na TETFund ta hannun makarantarsa. Ƙungiyar masana lissafi ta duniya, IMU, tana da hukumar da ke kula da ƙasashe masu tasowa, kuma ƙungiyar lissafi ta Landan tana da tallafin haɗin gwiwa da masu bincike na Afirka. Kowanne yana da ranar rufewarsa, kuma ba sa jiran juna.

Ɗan Najeriya da ɗan Nijar duk suna buƙatar biza, kuma bizar baƙo ta Birtaniya ta ƙunshi halartar taron ilimi. Da zarar an karɓe ka, ka nemi takardar gayyata daga cibiyar, ka shigar da takardunka tun da sauran lokaci.

Salla da abinci fa?

Akwai babban masallaci a titin Mill Road, wanda aka buɗe a 2019, a ɗaya gefen gari daga cibiyar, don haka Juma'a tana buƙatar a tsara lokaci. Fom ɗin rajista yakan tambayi irin abincin da mutum yake ci. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare.

Ba zan iya tafiya ba. Akwai wata hanya?

Cibiyar tana ɗaukar yawancin laccocin a bidiyo tana ajiyewa a intanet kyauta, har da na 2018. Wannan yana da fa'idar da mai zama a ɗakin bai da ita, domin kana iya tsayar da mai magana ka koma baya. Sababbin maƙalu suna fitowa a arXiv, rumbun maƙalu na intanet, ƙarƙashin sashen math.AT kafin mujallu su buga su. Akwai kuma eCHT, zaman ƙara wa juna sani na intanet da Daniel Isaksen ya kafa, mai laccoci da darussa na ɗaliban digiri na uku. Ga wanda yake son taron da ya fi dacewa da mafari, akwai Young Topologists Meeting da ake yi duk shekara a Turai, inda ɗalibai ne suke yin yawancin laccocin. Mata kuma suna da Women in Topology, wanda ya fara a Banff ta Kanada a 2013, inda ake raba mutane ƙungiya-ƙungiya su yi bincike tare har ya zama maƙala.

Dole ne kullum a sami kafaffen ɗigo idan rukuni yana aiki a kan faifai?

Hankali yana cewa e, tunda faifai yana da cibiya. Ga rukunin da mamba ɗaya yake haifarwa, haka ne, tiyorem ɗin Brouwer ya ba da shi. A ƙarshen shekarun 1930 Paul Smith ya nuna cewa haka ne kuma ga duk rukunin da yawan mambobinsa ninki ne na lamba firam guda, kamar 8 ko 9 ko 25. Ya ma nuna abin da ya fi haka: idan siffar tana kama da faifai ko ƙwallo a idon homolojin wannan lamba firam ɗin, kafaffun ɗigoginta ma haka za su kasance, sai dai a ƙwallo ana iya rasa su gaba ɗaya.

Sai a 1959 Edwin Floyd da Roger Richardson suka gina aikin rukunin A5, wato rukunin juye-juyen siffa mai fuska 20, a kan faifai mai babban daimenshan ba tare da kafaffen ɗigo ko ɗaya ba. Robert Oliver ya kammala zancen a 1975, ya fayyace daidai rukunonin da za su iya haka, kuma sharaɗin na aljabra ne zalla, ana karanta shi daga yadda ƙananan rukunoni suke jere a ciki. Mafi ƙarancin mambobin da rukuni zai samu ya iya wannan shi ne 60.

Waɗanne rukunoni ne suke iya 'yantaccen aiki a kan ƙwallo?

Daga aikin Smith an san cewa rukunin ba zai ƙunshi kwafi biyu masu zaman kansu na rukunin zagaye, wato wanda mamba ɗaya yake haifarwa, mai mamba firam iri ɗaya ba. Wannan daidai yake da a ce kohomolojin rukunin yana maimaita kansa bayan kowane 'yan matakai. Richard Swan ya nuna a 1960 cewa wannan sharaɗi ya isa a sami 'yantaccen aiki a kan wata siffa mai iyaka da take ɗaya da ƙwallo a idon homotofi. Amma John Milnor ya riga ya nuna a 1957 cewa a kan ƙwallo ta gaske akwai ƙarin sharaɗi: duk mamban da yake komawa asali bayan an maimaita shi sau biyu dole ya yi musanya da kowa a rukunin, wato ko wanne aka fara yi a cikin motsin biyu sakamakon ɗaya ne.

Rukunin S3, na hanyoyin jera abubuwa uku, mai mamba 6, ya faɗa tsakanin biyun. Ya cika sharaɗin Swan, ya faɗi na Milnor. Yana aiki a kan abin da homotofi ba ya iya bambanta shi da ƙwallo, amma ba ya iya yi a kan ƙwallon kanta. Ib Madsen da Charles Thomas da Terence Wall suka tabbatar a 1976 cewa sharuɗɗan biyu a haɗe sun wadatar.

Me ya sa sunan Kervaire yake ta fitowa a laccoci?

Domin shi ne abin da ya dawo da fannin tsakiyar fage. Tambayar tsohuwa ce, kuma babu rukuni a cikinta: a waɗanne daimenshan ake samun manifol, wato siffa mai santsi irin fatar ƙwallo, na wani nau'i da awon Kervaire ɗinsa, lambar da take 0 ko 1, yake 1? William Browder ya nuna a 1969 cewa sai dai a 2, 6, 14, 30, 62, 126, 254 da sauransu, wato a ɗauki 4, 8, 16, 32 da sauransu a cire 2. An san akwai su har zuwa 62, kuma mutane da yawa sun zaci haka abin zai ci gaba. A watan Afrilun 2009, a taron cikar Atiyah shekara 80 a Edinbara, Michael Hopkins ya sanar da cewa shi da Michael Hill da Douglas Ravenel sun tabbatar babu su daga 254 zuwa sama. Mujallar Annals of Mathematics ta buga aikin a 2016.

Makamin da suka yi amfani da shi aikin rukunin zagaye ne mai mamba 8. Sun gina wani sifektiram daga kwafi huɗu na wani sanannen sifektiram da ake kira kobodizim na lambobin kamfiles, rukunin yana zagaya kwafin. Suka nuna abu uku: sifektiram ɗin yana ganin abin da ake nema idan yana nan, rukunonin homotofinsa suna maimaituwa bayan kowane mataki 256, kuma a mataki na −2 babu komai. A haɗa −2 da 256 a sami 254, nan ma ke nan babu komai, haka kuma duk na gaba. Wannan ma ya bayyana dalilin da 126 ya kuɓuce musu: bai kai zagayen ba. Sai a 2024 Weinan Lin da Guozhen Wang da Zhouli Xu suka nuna cewa a 126 akwai shi, ta wata hanya daban da ta dogara da lissafin kwamfuta mai yawa.

Kayan aikin da Hill da Hopkins da Ravenel suka ƙera, musamman ginin da ake kira nom da hanyar yanka sifektiram sala-sala, yanzu su ne abincin yau da kullum a irin wannan taro.

Mene ne fanktan Mackey, kuma akwai ɗan Afirka da ya yi aiki a kai?

A homotofi na yau da kullum amsar lissafi rukuni ɗaya ce. Idan akwai aikin rukuni, kowane ƙaramin rukuni yana da tasa amsar, kuma akwai hanyoyi biyu da suke haɗa su: ɗaya tana sauka daga babba zuwa ƙarami, ɗaya tana hawa daga ƙarami zuwa babba ta hanyar tara kwafi. Wannan tsari gaba ɗaya shi ne fanktan Mackey, wanda Andreas Dress da J. A. Green suka shimfiɗa a farkon shekarun 1970. Zoben Burnside da aka yi bayani a tambayar aljabra shi ne misali na farko.

Aderemi Kuku na Jami'ar Ibadan ya yi aiki tare da Dress a farkon shekarun 1980 wajen gina ka'idar K ta aljabra mai lura da aikin rukuni, kuma da fanktocin Mackey suka gina ta. Ya shugabanci ƙungiyar masana lissafi ta Afirka daga 1986 zuwa 1995, ya kuma yi shekaru a cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya. Ya rasu a 2022.

Aljabra tana iya yaudarar mutum?

Tana iya nuna abin da babu shi a siffa. Misalin S3 da ke sama ɗanɗano ne, ga wanda ya fi shi kaifi. Ɗauki rukunin da aka gina daga kwafi r na rukunin zagaye mai mamba p, inda p lamba firam ce. Gunnar Carlsson ya yi hasashen cewa idan wannan rukuni yana 'yantaccen aiki a kan siffa mai iyaka, to jimillar girman homolojinta ba za ta gaza 2 ninki r ba, wato 2 sau 2 har sau r. Idan haka ne, rukunin ba zai iya aiki a kan haɗin ƙwallayen da ba su kai r ba. Carlsson da kansa, sannan Alejandro Adem da Browder a 1988, sun tabbatar da maganar ƙwallaye idan daimenshan ɗinsu ɗaya ne, Bernhard Hanke kuma a 2009 ya yi ta idan p ta fi daimenshan girma sosai.

Hanyar da kowa ya hango ita ce a manta da siffar, a ɗauki sarƙar aljabrar da take haifarwa, a tabbatar da hasashen ga dukan irin waɗannan sarƙoƙi. Shekaru ana ƙoƙari. A 2018 Srikanth Iyengar da Mark Walker suka nuna cewa wannan sigar ta aljabra ƙarya ce idan p mara ce kuma r ta kai 8. Daga baya aka nuna cewa misalan nasu ba sa fitowa daga kowace siffa, saboda siffa tana ɗauke da tsarin ninkawa da sarƙar zalla ba ta da shi. Hasashen asali na tofoloji yana nan bai faɗi ba, sai dai hanyar da aka yi zaton za ta kai gare shi ta toshe.

Waɗanne matsaloli ne har yanzu ba a warware ba?

Hasashen Carlsson na siffofi, da ɗan'uwansa na Stephen Halperin a kan aikin torus, duk suna buɗe a sigarsu ta gaba ɗaya. Rukunonin homotofin ƙwallo kuwa, kamar yadda aka faɗa a tambayar homotofi, lissafi ne da ba a hango ƙarshensa ba.

Wani fage mai zafi shi ne taswirar da Paul Balmer ya ƙirƙiro a 2005, wadda take jera sassan duniyar sifektira kamar yadda ake jera lambobin firam na zobe. Balmer da Beren Sanders sun gano ɗigogin taswirar ga kowane rukuni mai iyaka a 2017, amma wane ɗigo ne yake ƙarƙashin wane ya zama tambaya mai wuya, kuma a ƙarshe tambayar Smith ce a sabuwar riga: idan kafaffun ɗigogin ƙaramin rukuni ba su da komai a wani mataki, a wane mataki ne na babban rukuni za su zama haka? Wata tawaga ta mutum shida ta amsa ta ga rukunoni masu musanya a 2019. Sai kuma hasashen taliskof na Ravenel, mai cewa wasu hanyoyi biyu na tace sifektira mataki-mataki amsa ɗaya suke bayarwa, na ƙarshe da ya rage daga jerin da ya fitar a 1984. Robert Burklund da Jeremy Hahn da Ishan Levy da Tomer Schlank sun sanar da rushe shi a Oksfod a watan Yunin 2023, kuma a tsakiyar hujjarsu akwai aikin rukunin cikakkun lambobi a kan wani sifektiram. Rushewar ta nuna cewa rukunonin homotofin ƙwallo sun fi yadda ake zato cunkoso, kuma ƙirga wannan rarar da aka gano aiki ne da aka fara kwanan nan.